Sama'ila Ajayi Crowther, Bawan da Ya Miƙa Kansa ga Allah

Akwai wata magana wadda sabon mai bi ya kan ji sau da yawa a wurin sujada, watau keɓewa ga Allah. Ana faɗinta cikin wa'azi, ana roƙonta cikin addu'a, amma ba kowa ya san nauyinta ba. Waɗansu suna tsammani aikin limaman ikilisiya ne kaɗai. Waɗansu kuma suna cewa wani daɗi ne da mutum ya kan ji a zuciya sa'ad da a ke waƙa. Ya kamata mu duba abin da Littafi Mai Tsarki ya ke nufi da ita, sa'an nan mu ga yadda ta bayyana cikin zaman wani mutum na ƙasarmu.

A cikin Attaura, sa'ad da Musa ya kafa alfarwa ta sujada, ya shafa wa bagade da kwanoni da alkukin fitilu mai, ya keɓe su. Daga ran nan ba mai ikon ɗaukar ɗaya daga cikinsu ya kai gidansa ya yi abin da ya ga dama da shi. Haka kuma ran da aka keɓe Haruna da 'ya'yansa su zama firistoci, aka ɗebi jinin rago aka shafa musu a kunnen dama, da babban yatsan hannun dama, da babban yatsan ƙafar dama, domin a sani jinsu da aikinsu da tafiyarsu duka sun zama na Allah. Hadaya ta ƙonawa kuwa, namanta duka a kan ƙone shi a bisa bagade, mai kawowa ba ya komawa gida da ko tsoka ɗaya. Ashe keɓaɓɓen abu shi ne abin da ya sami mai shi, mai shi kuwa Allah ne.

A cikin Sabon Alkawari Manzo Bulus ya ɗora wannan magana a kan kowane mai bi. Ya gaya wa Korantiyawa su ba na kansu ba ne, gama an saye su da tamani, watau jinin Yesu Almasihu. Ya roƙi Romawa kuma su miƙa jikunansu hadaya mai rai. To, ba wanda zai gane ma'anar a sayi mutum kamar wanda aka taɓa tsai da shi a kasuwa aka yi cinikinsa. Irin wannan mutum ne Ajayi.

Yaron da aka musanya da doki

An haifi Ajayi wajen shekara ta 1809 a garin Osogun, cikin ƙasar Yarabawa. A zamanin nan mulkin Oyo yana rushewa, yaƙi ya cika ƙasa. A shekara ta 1821, wata safiya, mayaƙa masu kamun bayi suka kewaye garin, suka sa masa wuta. Aka kama Ajayi tare da uwarsa da ƙannensa mata, aka ɗaure su da igiya a wuya. Ubansa kuwa, bai ƙara ganinsa ba har abada. Ba a daɗe ba aka raba shi da uwarsa.

Wanda ya same shi a rabon ganima ya musanya shi da doki, da dokin bai gamshe shi ba sai aka warware cinikin, aka komo da yaron. Daga nan aka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu, wani lokaci a bakin taba, wani lokaci a bakin barasa. Tsoron kada a sayar da shi ga Turawan Fotugal ya kama shi, har ya yi ƙoƙari ya shaƙe kansa, amma Allah bai yarda ba. Abin da ya ke tsoro kuwa shi ya faru. Aka kai shi Ikko, aka sa shi cikin jirgin ruwan Fotugal tare da bayi fiye da 180, za a haye teku da su.

A watan Afrilu na 1822, jirgin bai yi nisa da gaɓa ba, sai jiragen yaƙin Ingila masu hana cinikin bayi suka tare shi. Bayin ba su san an cece su ba. Shi kansa ya ba da labari daga baya cewa da suka ga naman alade a rataye, suka kuma ga tulin harsashin igwa, sai suka zaci naman 'yan'uwansu ne da kawunansu. Aka kai su Saliyo, aka sauke su a matsayin 'ya'ya.

Can ya faɗa hannun masu wa'azin bishara na jam'iyyar C.M.S. Cikin wata shida ya iya karanta Sabon Alkawari, ya kuma koyi aikin kafinta. Ran 11 ga Disamba, 1825, aka yi masa baftisma, aka sa masa suna Sama'ila Crowther, sunan wani limamin ikilisiya na Landan. Bayan shekaru, da ya rubuta labarin kamunsa, ya kira ranar da aka ci garinsu ranar baƙin ciki, ya kuma kira ta rana mai albarka, gama ta wurinta Allah ya fito da shi zuwa inda zai ji bishara.

Ya kai mai karatu, ka lura da wannan. Jirgin Ingila ya kwance masa sarƙa, ya zama ɗa, ba mai iko da shi. Da ya so, da ya ce wuyansa ya gaji da igiya, ba zai ƙara zama na kowa ba. Amma a cikin Littafin Fitowa akwai dokar bawa wanda lokacin 'yancinsa ya yi, shi kuwa saboda ƙaunar ubangidansa ya ƙi fita. Sai a kai shi bakin ƙofa a huda kunnensa da basilla, ya zauna a gidan muddar ransa. Haka Ajayi ya yi da Ubangiji Yesu. Bautar fari ƙarfi aka yi masa, ta biyu kuwa da yardar ransa ya shiga.

Hannu da ƙafa

A shekara ta 1827 aka buɗe makarantar Fourah Bay a Saliyo, sunansa ne na fari a littafin ɗalibanta. Ya auri Asano, wadda ita ma daga jirgin bayi aka cece ta, sunanta na baftisma Susan. Ya yi shekaru yana koyar da yara a ƙauyukan Saliyo, ba wanda ya san shi a waje. Kada mai bi ya raina irin waɗannan shekaru. Kwanon da ke cikin alfarwa keɓaɓɓe ne ran idi, keɓaɓɓe ne kuma ran da ba mai dubansa.

A shekara ta 1841 gwamnatin Ingila ta aiko jirage uku su hau kogin Kwara, domin neman hanyar kashe cinikin bayi daga tushensa. Aka ce Crowther ya bi su, tare da wani mai wa'azi Bajamushe, sunansa Schön, wanda daga baya ya wallafa nahawu da ƙamus na harshen Hausa. Tafiyar ba ta yi kyau ba. Zazzaɓi ya faɗa wa Turawa, fiye da 40 suka mutu. Amma abu ɗaya ya fito fili, watau idan bishara za ta shiga ƙasashen nan, sai ta bakin 'ya'yan ƙasa. Saboda haka aka kira Crowther Ingila, aka ɗora masa hannu ya zama limamin ikilisiya a 1843.

A shekara ta 1846 ya isa Abekuta tare da abokin aikinsa Townsend. Bai fi mako uku a garin ba sai ga wata tsohuwa ta zo nemansa. Uwarsa ce, Afala, bayan rabuwar shekara 25. Ya fanshi waɗansu danginsa da ke cikin bauta. A shekara ta 1848 aka yi wa uwar baftisma, sunan da aka sa mata kuwa Hannatu.

Wanda ya san Littafi zai gane dalilin wannan suna. Hannatu ta dā ta roƙi Allah ɗa da hawaye, ta yi wa'adi idan ta samu za ta ba da shi ga Ubangiji dukan kwanakin ransa. Da ta yaye Sama'ila ta kai shi Shilo wurin Eli, ta bar shi can, sai shekara shekara ta kan kai masa 'yar riga. Ba ta ce tun da Allah ya ba ta, sai ta riƙe ba. Hannatu ta Abekuta ma ta sami ɗanta bayan ta fid da rai, amma ba ta same shi domin ya zauna a gindinta ba. Aikin Allah ya yi ta ɗauke shi zuwa kogi da teku har ƙarshen ranta.

Ya sāke hawan kogi a 1854 tare da Likita Baikie, suka shiga Binuwai da nisa. A wannan karo an yi ta shan kwinin, ba wanda ya mutu. A 1857 suka koma, ya kafa aikin bishara a Anaca, ya bar Taylor, wani limami ɗan asalin Ibo daga Saliyo, ya riƙe wurin. Da suka yi gaba, jirginsu ya bugi dutse kusa da Jebba ya fashe. Suka yi wata da watanni a bakin kogi suna jiran wani jirgi. Crowther bai zauna yana ƙunci ba, sai ya mai da wannan jira makaranta, ya shiga koyon Nufanci yana rubuta kalmominsa.

Aikin da ya fi cin ƙarfinsa shi ne juya Littafi Mai Tsarki da Yarabanci. Ya kan zauna da tsofaffi yana sauraron maganarsu, yana rubuta kalmomi da karin magana, domin kada Maganar Allah ta fito da harshen baƙo. A 1862 gobara ta cinye gidansa a Ikko, takardun da ya yi shekaru yana tarawa suka ƙone ƙurmus. Ya sāke farawa. A 1884 aka gama juya Littafin duka, shi da mataimakansa. Ban da wannan ya wallafa littafin koyon karatu da harshen Ibo a 1857, da nahawun Nufanci a 1864.

Girman da bai nema ba

Henry Venn, magatakardan C.M.S. a Landan, yana da ra'ayi cewa ikilisiyar kowace ƙasa ta tsaya da ƙafafunta, ta ci da kanta, ta yi mulkin kanta. Saboda haka ya nemi a naɗa Crowther bishof. Crowther ya yi ta ƙi, gama ya san waɗansu Turawan mishan ba za su yarda su zauna ƙarƙashin baƙar fata ba, har da tsohon abokinsa Townsend. Sai da Venn ya matsa masa ƙwarai kāna ya yarda. Ran 29 ga Yuni, 1864, aka keɓe shi a babbar majami'ar Kantabari, shi ne ɗan Afirka na fari da ya zama bishof a ikilisiyar Angalika. A cikin taron akwai Leeke, hafsan jirgin da ya cece shi shekara 42 da suka wuce.

Ran nan mutane suka ce an keɓe Crowther. Gaskiya ne, amma keɓewarsa ta ainihi ta riga wannan da shekara 39, tun ran da aka yi masa baftisma yana yaro mai koyon kafinta. Kai ma da aka yi maka baftisma jiya, keɓewarka ba ta gaza tasa ba ko kaɗan. Muƙami dabam, mallakar Allah dabam.

Bishof ɗin bai sami hutu ba. Ya yi ta hawa da sauka a kogi, daga Bonny a bakin teku har Lakwaja da ƙasar Nufe, da kuɗi kaɗan da ma'aikata kaɗan. A 1867 wani basarake mai suna Abokko ya kama shi tare da ɗansa Dandeson a bakin Kwara, ya tsare su yana neman fansa mai yawa. Wani jami'in Ingila, Fell, ya zo ya kuɓutar da su, amma aka harbe shi da kibiya mai dafi, ya mutu. A Bonny kuwa iyayengiji suka tsananta wa bayinsu da suka ba da gaskiya, har a 1875 aka jefa wani mai suna Joshua Hart a ruwa aka kashe shi, domin ya ƙi cin abin da aka yanka wa gumaka. Bawa ne a idon mutane, amma ya san wanda ya saye shi.

Akwai abin koyi kuma cikin zamansa da Musulmi. Ya kan ziyarci Sarkin Nufe Masaba a Bida da ladabi irin wanda ya cancanci sarki, ya kan ba sarakuna da malamai Littafi Mai Tsarki da Larabci. Idan aka tambaye shi bangaskiyarsa ba ya ɓoye kome, ba ya kuwa zagin addinin kowa, sai ya buɗe Littafi ya karanta amsa daga ciki. Saboda wannan hali aka amince da shi, har Sarkin Nufe Maliki ya aika masa da wasiƙa yana neman taimakonsa a hana shigo da barasa, wadda ke lalata mutanensa. Wanda ya keɓe bakinsa ga Allah ba ya ƙarya da shi domin a so shi, ba ya kuma cin mutunci da shi domin ya ci gardama.

Gwaji na ƙarshe

Da labarin ya ƙare a nan, da sai mu ce wanda ya miƙa kansa ga Allah ya kan tashi daga igiya zuwa kujerar girma, shi ke nan. Amma Allah bai yi wa kowa wannan alkawari ba. Venn ya rasu a 1873. Matarsa Susan ta rasu a 1880, uwarsa kuma a 1883. Zamani ya juya, Turawa suka fara rabon ƙasashen Afirka, raina baƙar fata ya ƙaru har cikin masu aikin bishara.

Sai ga waɗansu samarin mishan sun zo daga Ingila, masu zafin himma, cikinsu akwai Brooke da Robinson da Eden. Suka duba aikin Kwara suka ce ya ruɓe. Ba za a ce ba laifi ko kaɗan ba, gama waɗansu ma'aikatan sun yi abin kunya, tsohon kuma mai sanyin hali ne, ya fi son jan kunne da kora. Amma samarin suka haɗa mai laifi da marar laifi. A watan Agusta na 1890, a wani taro a Anaca, aka dakatar da limaman da shi ya ɗora wa hannu, a gabansa, ba da yardarsa ba, har da ɗansa Dandeson. Mutumin da ya haura shekara 80, wanda ya fara hawan kogin tun ba a haife su ba, aka mai da shi kamar ba kowa ba.

Me ya yi? Bai yi shiru kamar an yi daidai ba. Ya faɗi gaskiya a fili cewa an ƙetare iyaka, ya sauka daga shugabancin wannan majalisa, ya rubuta wa manya a Landan. Amma bai rama zagi da zagi ba, bai kuwa ce tun da haka Kirista su ke, ya bar Almasihu ba. Ya ci gaba da aikinsa gwargwadon ƙarfin da ya rage masa, har ciwon shanyewar jiki ya kama shi a 1891. Ya rasu a Ikko ran 31 ga Disamba na wannan shekara. Robinson da Brooke su ma sun rasu a Lakwaja, ɗaya a 1891, ɗaya a 1892. Sun ba da ransu da gaske, amma himma ba tare da tawali'u ba ta sa sun yi wa bawan Allah rauni. Wannan ma gargaɗi ne ga mai tsammani keɓewarsa ta ba shi izinin taka ɗan'uwansa.

Bature aka naɗa a gurbinsa, aka yi kimanin shekara 60 kafin wani ɗan ƙasa ya sāke riƙe irin wannan kujera da cikakken iko. A 2014, shekara 150 bayan keɓewarsa, Babban Bishof na Kantabari ya tsaya cikin majami'ar nan ya bayyana tuban ikilisiyarsa a kan abin da aka yi masa. Crowther bai ga wannan rana ba, bai kuwa jira ta kafin ya riƙe amana ba.

Kai fa?

Ɗan'uwa, a nan ne a ke gane keɓewa ta gaskiya. Da Crowther ya miƙa kansa ga jam'iyyar mishan ne, da ran da jam'iyyar ta juya masa baya ya karɓe abinsa. Da saboda girma ya yi, da ran da girma ya tafi ya tafi tare da shi. Amma abin da aka ɗora a bisa bagade ba a sauke shi domin firist ya ɓata wa mai hadaya rai. Ubangiji Yesu kansa, a daren da aka bashe shi, ya yi addu'a yana keɓe kansa saboda almajiransa, alhali kuwa ya san kafin gari ya waye za su watse su bar shi.

Watakila kai ma za ka ga abin da ba ka zata ba. Danginka za su iya ƙinka saboda bangaskiyarka, wannan kam ka riga ka sa rai da shi. Abin da ya fi zafi shi ne ran da ɗan'uwa cikin ikilisiya zai yi maka ƙazafi, ko shugaba ya danne maka hakki, ko a manta da wahalarka a yabi wani. Ran nan Shaiɗan zai raɗa maka cewa ka koma inda ka fito. Sai ka tambayi kanka, wa ya saye ka? Idan mutum ne, to, ka bar shi. Idan kuwa wanda ya mutu dominka ne, shi bai yi maka laifin kome ba.

Kada kuma ka jira sai an ba ka babban aiki. Ka tuna da jinin da aka shafa wa Haruna. Kunnenka na Allah ne, kada ka ba da shi ga tsegumi, ka ba shi Maganar Allah kowace safiya. Hannunka nasa ne, ko fartanya ka ke riƙe, ko mudu, ko alƙalami, kada ya tauye awo, kada ya karɓi abin da ba nasa ba. Ƙafarka tasa ce, kada ta kai ka gidan boka ko wurin shan barasa, ta kai ka wurin marar lafiya da wurin sujada. Ke ma 'yar'uwa, ɗan da ke bayanki amana ce, ki rene shi kamar wadda ta san za ta kai shi Shilo.

Idan kuwa har yanzu kana bincike ne, ba ka shiga ba tukuna, to, ka zauna ka yi lissafi kamar mai shirin ginin soro, gama Almasihu ba ya karɓar rabin mutum. Amma ka sani, ba wanda ya ke zaune ba ubangida. Wani zunubi ke jansa da igiya, wani tsoro, wani son kuɗi, dukansu kuwa su kan sayar da bawansu ran da suka gama da shi. Ubangiji Yesu ne kaɗai ya biya tamani da jinin kansa, shi ne kuma ba ya warware ciniki. Ka zo wurinsa yau, ka miƙa masa kanka duka. Allah ya ba mu alherin riƙe wannan alkawari har ƙarshe. Amin.